Ina Fara Karatun Littafi Mai Tsarki, Sai In Tsaya

Tambaya: Duk Janairu nakan fara daga Farawa, amma da na kai Littafin Firistoci sai in watsar. Yaya zan yi? Daga wata 'yar'uwa a Mabera, Sakkwato.

Amsa: 'Yar'uwa, dokokin hadaya kan kayar da mutane da yawa a nan. Ki koma Markus, sura 16 ne kawai, ki haɗa da Zabura ɗaya. Ki zauna da sassafe kafin zafin Sakkwato ya taso, waya a nesa, biro a hannu, ki rubuta aya ɗaya ki yi addu'a da ita. Littafi Mai Tsarki duka sura 1,189 ne: uku kullum, biyar ranar Lahadi, za ki sauke cikin shekara. In kwana ya kuɓuce miki, kada ki tara bashi, ki ɗora daga inda kika tsaya.