Tambayi likita: ƙudajen da suka yi kama da juna

Tambaya: Likita, wani ƙuda mai kama da na gida ya cije ni a ƙwauri cikin garke. Ko ƙudan tsando ne? (Wani makiyayi, Dakwaro)

Amsa: Kwantar da hankalinka, malam. Tsando inuwar kurmi da bakin ruwa yake so, ba rairayin ƙasarmu ba, kuma in ya sauka fikafikansa ɗaya kan ɗaya suke, kamar rufaffen almakashi. Naka ƙudan garke ne: fikafikai a buɗe, baki mai tsini a gaba. Na gida ba ya cizo. In wurin ya kumbura ko zazzaɓi ya biyo baya, je asibiti.

Tambaya: Ƙudaje ba sa barin idon 'ya'yana, ga kwantsa kullum. Kakarsu ta ce ƙudan lokacin mangwaro ne, tana ɗiga musu ruwan sukari, wani lokaci nono. (Wata uwa, Tibiri)

Amsa: Baiwar Allah, wannan ita ce tambayar da ta tayar mini da hankali. Ki kashe ɗaya ki duba bayansa da kyau. Ƙudan gida zane huɗu baƙaƙe gare shi, kuma kan tuwo da kwano yake sauka. Wanda ke manne wa ido ya ɗan fi shi ƙanƙanta, zanensa biyu ne masu faɗi, kuma ko an kore shi nan take yake dawowa, don kwantsa da majina yake sha. Shi ke ɗaukar ƙwayar amodari daga idon wannan yaro zuwa na wancan. Ba a mangwaro yake hayayyafa ba, a kashin mutum ne da aka bari a fili. Kashin da ya faɗa ramin masai ba ya yi masa amfani, saboda haka kashin yaro ma a kwashe a zuba a can.

Amodari ba ya makantarwa yau. Ciwon ne ke maimaituwa shekara da shekaru, cikin fatar ido ya yi tabo, gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwayar ido har ta dushe. Mata ya fi kamawa, don su ke tare da yara.

Don Allah ki lallashi Iya ta daina. Sukari a ido? Ai kiran ƙuda ne! Nono, fitsari, ruwan ganye, duk ƙazanta suke ƙarawa, wasu ma su ɓata idon gaba ɗaya. Ki wanke musu fuska da ruwa da sabulu safe da yamma, kada a share wa yara biyu fuska da gefen zane guda. Ki kai su asibiti a wannan makon, akwai maganin sha da na shafawa. In masu rabon magani sun zo unguwa, kowa ya sha. Mai gashin ido a juye kuwa, tsigewa ba ta warkarwa, ƙaramin aiki ake yi. Ina sake faɗa: ki kai su.

Tambaya: Maruru ya fito wa jaririna da ɗan rami a tsakiya, wani abu na motsi ciki. An ce jifa ne, in ɗiga fetur. (Wata uwa, Madarunfa)

Amsa: Ba jifa ba ne, kuma fetur ƙona fatar jariri zai yi. Tsutsar wani ƙuda ce mai ruwan ƙasa-ƙasa da ɗorawa, ya ɗan fi na gida kauri. Yana zuba ƙwai a ƙasa mai fitsari ko a kan wankin da aka shanya a ƙasa cikin inuwa. Kada ki matse, ki kai shi a cire yau. Daga yanzu shanya a igiya cikin rana, kuma a goge kayansa ciki da waje.