Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Hoton Konfokal Yake Fitowa Tangaran?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai nazarin halittu. Idan muka duba yankin nama mai kauri da aka sa wa rini mai ƙyalli a madubin ƙara girma da aka saba, hoton yakan fito dushi-dushi, alhali na wani nau'in madubin da ake kira konfokal yana fitowa tangaran. Ina sirrin yake?

Amsa: Malama, sirrin yana cikin wata 'yar kafa ce da ke gaban ma'aunin haske. A madubin da kuka saba, haske yana bin naman gaba ɗaya, rinin da ke sama da wanda ke ƙasa duk su yi ƙyalli lokaci guda, har su lulluɓe wurin da ake son gani. Ita kuwa konfokal, hasken leza take tattarawa a ɗigo ɗaya, sannan kafar ta tare duk ƙyallin da bai taso daga daidai wannan zurfin ba. Lezar tana bin samfurin ɗigo bayan ɗigo, layi bayan layi, kwamfuta kuma tana harhaɗa hoton. Idan aka riƙa sauka ƙasa kaɗan-kaɗan ana maimaitawa, sai a jera hotunan a samu siffar ƙwayar halitta da tsawonta da faɗinta da kaurinta, ba tare da an yayyanka naman ba.

Masanin kimiyya Marvin Minsky ne ya nemi rajistar wannan dabara a Amurka a 1957, amma sai wajen ƙarshen shekarun 1980, da leza da kwamfuta suka wadata, ta bazu a ɗakunan bincike. Masu aikin sukan rina ƙwayar gado da wani rini mai suna DAPI ta fito shuɗiya, su kuma bi sawun furotin ta hanyar liƙa masa GFP, wani furotin mai ƙyalli, wanda leza mai tsawon zangon haske nanomita 488 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita) take sa shi ƙyallin kore.

Sai dai a ganina ɗalibai sukan zuzuta ta fiye da kima. Tunda kafar tana zubar da haske mai yawa, mai aiki yakan ƙara ƙarfin leza, nan da nan rinin ya koɗe, ƙwayoyi masu rai kuma su jikkata. Haka nan abubuwa biyu da tazararsu ba ta kai kimanin nanomita 200 ba sukan haɗe su zama ɗaya. Saboda haka idan samfurinki shimfiɗa ɗaya ce ta ƙwayoyi marar kauri, madubin da kike da shi zai wadatar da ke.