Man da likita ya rubuta wa ɗana zai ɓata masa fata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ɗana mai shekara biyu yana fama da ƙaiƙayi a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, har ba ya barci. A asibiti an ce ekzima ce, aka rubuta masa haidirokotizon. Da na ga sauƙi sai na daina shafawa, domin uwar mijina ta ce dangin man bilicin ne. Yanzu abin ya dawo. Yaya zan yi? Daga wata uwa a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba yaro lafiya. Tsoron da Hajiya ta nuna yana da tushe, domin duk mun ga matan da fatarsu ta yi sirara, jijiyoyi suka fito, saboda sun shekara suna shafa mai mai ƙarfi irin kulobetasol. Amma magungunan sitiroyid, wato dangin magungunan kwantar da kumburi da suka haɗa da kulobetasol da haidirokotizon, hawa-hawa ne, kuma haidirokotizon mai kashi 1 cikin 100 yana matakin ƙasa. Tun 1952 ake amfani da shi a fata, kuma shafa shi na mako ɗaya ko biyu bisa umarnin likita bai kai ga wannan illa ba.

A ganina, abin da ya dawo da ciwon shi ne dainawa da wuri. Ƙaiƙayi kan lafa kafin kumburin da ke cikin fata ya mutu, saboda haka ki cika kwanakin da aka ɗibar miki, har sai kin shafa wurin da yatsa kin ji ya yi sumul, babu kaushi. Kada fari-farin da ke biyo bayan warkewa ya firgita ki, yawanci tabon ciwon ne, kuma launin yakan dawo a hankali.

Iyaye da yawa kuma suna ɗan dangwalawa ne kawai, sannan su ce magani bai yi aiki ba. Ki matso man a kan manuniyarki, daga kan yatsa zuwa gaɓar farko; wannan ya kai kimanin rabin giram, kuma ya isa wuri mai faɗin tafin hannunki biyu. A shafa shi a inda ciwon yake kaɗai, sau ɗaya ko biyu a rana. Fuska da matsematsi sun fi laushi, don haka kwanakinsu ba su kai na sauran jiki ba.

Ekzima ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, amma tana tafiya tana dawowa, musamman da hunturu. Ki riƙa shafe masa jiki da basilin ko man kaɗanya marar turare kullum, da zarar an fito daga wanka, ki bar kamar rabin awa tsakaninsa da maganin. A yanke masa farce, a guji sabulu mai ƙamshi da dirzawa da soso.

Abin da nake ja wa iyaye kunne a kai shi ne man nan mai haɗin magani uku da ake saye a kemis ana cuɗawa da man shafawar jarirai, domin galibi akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, kuma idan makero ne ke damun yaro, sitiroyid na iya ƙara bazuwarsa. Idan kika ga ƙuraje masu ruwa, ko ɓawo mai ruwan ɗorawa, ko zazzaɓi, ki kai shi asibiti a ranar. Idan kuma an cika kwanakin babu sauƙi, ki koma asibitin da aka duba shi, ko ki nemi a tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ki tafi da kwalin maganin a hannu.