Amsa ga mai tambaya kan gwajin dalma a jinin yara

'Yar'uwa, kin ce maigidanki yana fasa tsofaffin batura a Panteka, kina tambaya ko akwai gwajin da zai nuna dalma ta shiga jikin yaranku. Akwai, kuma don Allah kada ki jira sai yaro ya kwanta.

Jini ake gwadawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in an samu dalma mikirogiram 5 ko fiye a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ta jini, a nemo inda dalmar ke fitowa a toshe. Ki roƙi a ɗebi jinin daga jijiya, domin na tsinin yatsa kan gurɓata da ƙurar da ke fata, sakamakon ya haura. Gwajin jini kuwa dalmar da ta shiga kwanan nan yake nunawa: cikin kamar wata guda rabin dalmar kan bar shi, amma wadda ta shige ƙashi takan yi shekaru a can. Shi ya sa likita kan so a maimaita.

Dalma shiru take yi. Yaro yana wasansa, tana cin ƙwaƙwalwarsa. A Zamfara a 2010, yara fiye da 400 suka rasu saboda dakan duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gidaje.

Ki kai su wurin likitan yara a asibitin Barau Dikko da ke Kaduna, ki faɗi sana'ar babansu. Kafin nan, kayan aikinsa da takalmansa su tsaya waje, a wanke su daban, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro. Kwallin dutse ma ki daina sa wa jariri, wani da dalma a ciki.