Makin bita da nake tarawa, ilimi ne ko takarda?

Tambaya: Dakta, duk shekara ina halartar bita ina tara makin sabunta lasisi, amma da na koma asibiti sai hannuna ya koma rubuta abin da ya saba. Babbanmu ya ce in kwantar da hankalina, daɗewa a aiki ita ce makaranta. Haka ne?

Amsa: Dakta, kina da hujjar damuwa. Tun 1999 David Davis da abokan aikinsa suka tattara bincike a mujallar likitoci ta JAMA, suka nuna cewa zaman sauraron lacca kawai da kyar yake canja yadda likita ke kula da marar lafiya. Bitar da ke tasiri ita ce wadda za a ajiye miki matsala ki warware, ki gwada da hannunki, a gyara miki nan take. Amma masu ba da lasisi sa'o'i suke ƙirgawa. Shi ya sa mutum zai sa hannu a rajista, ya fita amsa waya, sai lokacin rabon satifiket ya ɓullo.

Maganar babbanku kuwa, na gaji da jin ta. A 2005 Niteesh Choudhry da abokansa suka duba sakamakon bincike 62 kan daɗewa a aiki da ingancin kulawa. A 32 daga ciki, ingancin raguwa ya yi da ƙaruwar shekaru. Ba na musun cewa shekaru suna kaifafa ido wajen gane ciwo. Sai dai ba sa sanar da mutum cewa ka'ida ta canja. Ga likitan da ya saba rubuta wa kowane dattijo asfirin don kare zuciya. Binciken ASPREE na 2018 kan asfirin ya nuna cewa a tsofaffi masu lafiya da suka sha shi zubar jini ne ya ƙaru, amfanin da ake zato bai bayyana ba. Dattijon da ya yi aman jini wani asibitin za a kai shi, likitanmu ba zai ji labari ba, gobe ya sake rubutawa yana cewa "ban taɓa ganin matsala ba". To, ina zai gani? Kuma Davis ya nuna a 2006 cewa likitoci ba su iya auna kansu ba, sau da yawa masu rauni ne suka fi yarda da kansu.

Ki ɗauko fayil ashirin na masu hawan jinin da kika duba, ki gwada su da ka'idar da ake kai yanzu, ki ba abokin aikin da ba ya jin nauyinki ya nuna miki inda kika kauce. Bayan wata uku ki sake.