Camry 2008 mai shan baƙin mai: sayen wani inji ko kwance wannan?

Ka ce Camry ɗinka ta 2008 tana shan baƙin mai da fitar da shuɗin hayaƙi, kana tambaya ko ka sayi cikakken inji ko ka kwance naka ka gyara da kanka. Ɗan'uwa, in injin bai taɓa yin zafi har ya tsaya ba, kuma ba ya ƙwanƙwasa, ka gyara naka. Injin 2AZ-FE, wato injin Camry mai silinda huɗu, na waɗannan shekarun an san shi da wannan ciwo, kuma yawanci laifin fistin ne da ringinsa. Injin Beljiyam da za ka ɗauko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ma yana iya zuwa da ciwon, ga shi ba ka san tafiyar da ya yi ba.

Amma da sharaɗi. Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, kai bulok (gangar jikin injin da silindojin ke ciki) da karanshaf (sandar ƙarfen da fistin ke juyawa) wurin masu awo. Na sha ganin an zuba sabon ringi cikin silindar da ta cinye, hayaƙin ya dawo, kuɗi sun tafi. In awo ya nuna bulok ya lanƙwashe ko ya tsage, ko ba ka da sifanar auna ƙarfin ɗauri, to sayi wani injin, amma a tayar da shi a gabanka.