Tambaya da Amsa: Musulmin Andalus ne suka gina dandalin Sebiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni magini ne a Argungu. Ƙanena ya nuna mini hoton wani dandali a Sifaniya mai suna Plaza de España, an rubuta wai Musulmin Andalus ne suka gina shi. Da gaske ne? Aikin bulon ya burge ni ƙwarai.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam magini. Ba haka ba ne, amma ban ga laifin mai rubutun sosai ba, don ni ma ranar da na fara tsayawa a wurin sai da ido ya yaudare ni.

Dandalin yana birnin Sebiya, wanda Larabawa ke kira Ishbiliya. Mulkin Musulmi ya ƙare a can tun 1248, lokacin da Sarki Fernando na Uku ya ci garin. Shi kuwa dandalin an fara shi a 1914, aka gama a 1928, saboda bikin baje kolin 1929. Kai, tsohuwar fadar garinku da ta koma gidan tarihi na Kanta ma ta girme shi nesa ba kusa ba. Aníbal González, ɗan garin, shi ya zana ginin. Ya ajiye aikin a 1926, Vicente Traver ya ƙarasa.

To me ya kawo kamannin? Bayan faɗuwar garuruwan Andalus, magina Musulmi sun ci gaba da yi wa sababbin sarakuna aiki da salon da suka gada, wanda ake kira Mudéjar. Shi González ya ɗebo ya gauraya da na Turai. Jan bulon nan da ka gani ba a yi masa filasta ba, shi ne adon kansa, kuma ka fi ni sanin cewa bulon da ba za a rufe ba, ba a yi masa aikin ganin dama. Tayil ɗin ma sunansa azulejo, daga Larabci ya samo asali.

Ginin ya lanƙwasa kamar jinjirin wata, da hasumiya mai tsawon mita 74 a kowane gefe. A jikin bango akwai mazaunai 48 na tayil, kowanne da taswirar wani lardi na ƙasar. Baƙo ɗan ƙasa na zuwa sai ya nufi na lardinsu ya ɗauki hoto. Akwai kuma ruwa mai gadoji huɗu da ake hayar kwalekwale a yi yawo, amma kada Bakabe ya sa rai, ko kusa bai kama ƙafar Matan Fada ba.

In aikin hannun Musulmi na haƙiƙa kake so, ce wa ƙanenka ya nemo maka hoton Giralda, a garin dai. Hasumiyar babban masallaci ce da aka gama a 1198, yanzu ƙararrawar coci ke samanta. Ka duba saƙar bulon da ke jikinta da kyau.